Nasihar Juma'a: Abin da Ya Faru a Filin Ƙwallo, da Dalilin da Ya Sa Ba Mu Je Roƙo Ba

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya ba mu 'ya'ya kuma ya sanya su amana a wuyanmu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da iyalan gidansa, da sahabbansa baki ɗaya. 

Mun yi alkawarin wannan makon za mu ci gaba da bayanin zakkar dukiyar kasuwanci. To, ku yi mana haƙuri, zakka sai Juma'a mai zuwa in Allah ya kai mu. Wani abu ya taso wanda in muka yi shiru a kansa, shirun zai zama cin amana.

Da yawanku kun riga kun ji labari, wasu ma suna wurin. Ranar Asabar da ta wuce yaranmu na unguwa suka buga wasan kusa da na ƙarshe a gasar ƙwallon ƙafa ta hutun makaranta, ta 'yan ƙasa da shekara 15, wadda unguwannin wannan yanki na Ibadan suka shirya a filin wata makaranta. Ana kunnen doki, ci ɗaya da ɗaya, saura 'yan mintuna a tashi, sai alƙalin wasa ya ba abokan karawarsu bugun daga kai sai mai tsaron gida. Yaranmu suka yi masa zobe. Wani ya fizge usur daga bakinsa, wani ya hankaɗe shi ya faɗi ƙasa, mutumin da ya haifi kamarsu. Daga gefen fili aka fara jifa da ruwan leda, daga ruwan leda aka koma duwatsu. Gilasan tagogin azuzuwa suka fashe. Wata yarinya mai tallar gyaɗa, wadda ba ta san hawa ba ta san sauka ba, dutse ya same ta a goshi, sai da aka yi mata ɗinki. Aka yi ta zage-zage da sunan ƙabila daga kowane ɓangare. Da masu shirya gasa suka sake duba takardu, sai suka gano biyu daga cikin 'yan wasanmu sun wuce shekarun da aka ƙayyade.

Hukuncin da suka yanke shi ne: an kori ƙungiyarmu daga gasar bana, an hana ta shiga ta baɗi, yara biyun da suka taɓa alƙalin wasa an dakatar da su shekara biyu, sannan mu biya gyaran tagogi da kuɗin maganin yarinya.

Kada wani ya ce ina ruwan masallaci da ƙwallo. Rigunan da yaran nan suka sa, a ƙofar masallacin nan aka tara kuɗinsu. Galibinsu ɗaliban Islamiyyarmu ne, wasunsu ma suna sahun gaba a sallar Asuba. Kuma abin da ya fi ba mu kunya, waɗanda suka fara jifa ba yara ba ne. Magidanta ne, masu shaguna da masu babura, mutanen da muke haɗa kafaɗa da su a sahu.

Tun daga ranar Lahadi iyaye suke zuwa wajen Malam Liman da kwamitin masallaci, suna neman a tara dattawa a je a ba da baki, a janye hukuncin. Mun zauna, mun saurari kowa, mun yi shawara, kuma mun tsaya a kan cewa ba za mu je wannan roƙon ba. Za mu je, amma ban haƙuri zai kai mu. Mun san wannan matsaya ta ɓata wa wasu rai, shi ya sa ya zama wajibi mu faɗi hujjarmu a fili.

Magana ta farko da aka kawo mana ita ce, alƙalin wasa ya zalunce mu ne don mu Hausawa ne. To, mu ɗauka ma ya yi kuskure. Mutum ne, yana gudu cikin rana, ido biyu gare shi kamar kowa. Masu shirya gasa sun tanadi hanyar shigar da ƙara a rubuce bayan an tashi wasa, kuma kocinmu ya sa hannu a kan wannan sharaɗi tun ranar farko. Musulmi kuwa yana nan a kan sharaɗin da ya ɗauka. Amma zancen cewa ƙabilanci ne ya sa shi, wa ya tsaga ƙirjinsa ya gani? Wannan alƙalin wasan dai shi ya busa wasanmu na zagayen baya da muka ci, ba mu ji wanda ya ce yana ƙin Hausawa a ranar ba.

Imam Muslim ya ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi, Allah ya ƙara masa yarda, cewa wasu samari biyu sun yi faɗa a zamanin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ɗaya daga cikin Muhajirai, ɗaya daga cikin Ansar. Kowanne ya ɗaga murya yana kiran mutanensa su kawo masa ɗauki. Annabi ya fito ya yi inkarin wannan kira, ya danganta shi da jahiliyya. Sannan ya koyar da cewa taimakon ɗan'uwanka idan shi ne mai zalunci, shi ne ka hana shi. Ku duba fa, sunan Muhajirai da na Ansar sunaye ne masu daraja da Allah da kansa ya ambata a Alƙur'ani, amma da aka yi amfani da su don tara jama'a a kan faɗan samari, Annabi bai yarda ba. To ina ga mu, da za mu ɗauki sunan Hausa mu rufe laifin yaron da ya ture dattijo? A Suratul Ma'ida Allah ya gargaɗe mu kada ƙiyayyar wasu mutane ta sa mu bar adalci, a Suratun Nisa'i kuma ya umarce mu da tsayuwa a kan gaskiya ko da a kan kanmu ne, ko iyayenmu, ko danginmu. Ba a saukar da waɗannan ayoyin don ranar da gaskiya take gefenmu kaɗai ba.

Magana ta biyu ita ce, ai yara ne. Gaskiya ne, akwai waɗanda ba su balaga ba a cikinsu, kuma an ɗauke alƙalami daga kan yaro har sai ya balaga. Amma malaman fiƙihu sun bambance tsakanin zunubi da ramuwar ɓarna. Yaro idan ya fasa kayan wani, ba a rubuta masa zunubi, amma haƙƙin mai kaya ba ya faɗuwa, sai an biya. Bukhari ya ruwaito daga Anas cewa ɗaya daga cikin matan Annabi ta fasa akushin da kishiyarta ta aiko da abinci a ciki. Annabi ya tattara abincin da hannunsa, ya mayar wa mai akushi da lafiyayye, ya bar fasasshen a ɗakin wadda ta fasa. Bai yi dogon faɗa ba, amma bai bar haƙƙi ya salwanta ba.

Kuma tunda yara ne, ai yanzu ne lokacin gyara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya ga mahaifinsa ya tara dattawa an share masa laifi yau, darasin da ya ɗauka shi ne duk abin da ya yi akwai mai share masa. Gobe ba alƙalin wasa zai ture ba, ɗan sanda ne, ko fasinja, ko maƙwabci, kuma a ranar ba kwamitin gasa za mu je roƙo ba, kotu ce. Ku tuna labarin matar nan ta Banu Makhzum da ta yi sata. Ƙuraishawa suka damu saboda 'yar babban gida ce, suka tura Usama ɗan Zaidu, wanda Annabi yake matuƙar so, ya je ceto. Fuskar Annabi ta canza, ya tashi ya yi huɗuba, ya bayyana cewa abin da ya halaka mutanen farko shi ne ƙyale babba idan ya yi laifi da hukunta mai rauni, har ya buga misali da 'yarsa Faɗima. Mun sani hukuncin gasar ƙwallo ba haddin Allah ba ne, kuma ceto a abin da ba haddi ba ya halatta idan akwai maslaha. Amma a nan mun duba, maslahar yaran nan tana cikin su ɗanɗani sakamakon abin da suka aikata. Da a ce yaran wata unguwa ne suka fasa kan 'yarmu, da wa zai yarda a ce a bar maganar, ai yara ne?

Magana ta uku ta fi sauran nauyi, kuma ba mu raina ta ba. Wata uwa ta ce ɗanta bai taɓa kowa ba, ya yi wata biyu yana atisaye, don me za a kore shi saboda laifin wasu? Tana da hujja. Alƙur'ani ya maimaita a surori da dama, irin su An'am da Isra'i da Faɗir, cewa ba wanda zai ɗauki nauyin laifin wani. Saboda haka a wajen Allah, da kuma a wajenmu, yaron nan ba shi da laifi, kuma ba za mu haɗa shi da masu laifi a hukuncin da mu za mu yi ba. Amma gasa da sunan ƙungiya aka shige ta. Da sun ci kofi, har wanda bai taɓa tashi daga benci ba sai an rataya masa lamba a wuya. Wanda ya yarda a raba daɗi da shi, sai ya haƙura a raba ɗaci da shi. Annabi ya buga mana misali da mutanen da suke cikin jirgin ruwa, wasu a sama wasu a ƙasa, na ƙasa suka so su huda wurinsu don su ɗebi ruwa. In na sama suka riƙe hannunsu kowa ya tsira, in suka zuba musu ido kowa ya nutse. Wannan shi ne darasin da yaranmu za su koya tun yanzu: abokinka in ya nufi ɓarna, ka riƙe shi, domin ruwan ba a wurinsa kaɗai zai tsaya ba.

Manyan 'yan wasa ma ba su tsira daga wannan ba. Waɗanda suka kalli gasar cin kofin duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu za su tuna wasan Najeriya da Girka. Najeriya tana gaba da ci ɗaya, sai Sani Kaita ya kai wa wani ɗan wasan Girka ƙafa a bakin layi, aka ba shi jan kati tun kafin hutun rabin lokaci. Aka tashi Girka tana da 2, Najeriya 1. Ya fito ya nemi gafarar 'yan ƙasa, kuma wannan abin yabo ne, amma sakamakon wasa bai canza ba. Fushin daƙiƙa ɗaya, ƙasa guda ta kwana da baƙin ciki. A Accra kuwa, ranar 9 ga Mayu 2001, a wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko, 'yan kallo suka fara jifa da kujeru da robobi, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa, aka yi turmutsutsu, mutum fiye da 120 suka rasu. Shi ma da jifa ya fara.

Sai maganar shekaru, wadda muka lura ba wanda yake son a taɓo ta. Jama'a, mu 'yan kasuwa ne, mun san algus. Annabi ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannunsa cikin tarin, ya ji danshi a ƙasa alhali sama a bushe, ya tsawatar masa, ya nuna cewa mai ha'inci ba ya kan tafarkinsa. Saka ɗan shekara 18 a cikin 'yan shekara 15 daidai yake da jera manyan tumatir a saman kwando a ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasa. Yaran nan ba su suka je suka canza takardar haihuwa da kansu ba. Babba ne ya kai su, babba ne ya biya, babba ne ya ce su yi shiru. Wannan cuta ta taɓa jawo wa ƙasar nan kunya: a 1989 hukumar FIFA ta dakatar da Najeriya shekara biyu daga gasannin matasa saboda saɓanin shekarun wasu 'yan wasa. Idan muka koya wa yaro ƙarya don kofin roba, da wane baki za mu hana shi tauye mudu ranar da muka bar masa shago?

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman, mu mazauna nan. An kafa Sabo tun 1916. Kakanninmu sun zo da shanu, sun koma da goro, kuma jarin da ya zaunar da su fiye da shekara ɗari shi ne amana da sunan kirki. 'Ya'yanmu a nan aka haife su, sun fi mu jin Yarbanci, abokansu na makaranta 'ya'yan maƙwabtanmu ne. Amma mun ga abin da ya faru a kasuwar Shasha a watan Fabrairu 2021. Daga cacar baki a kan tumatir da ya zube a gaban shago, aka rasa rayuka, aka ƙone shaguna da gidaje, aka rufe kasuwa. Akwai waɗanda suke karanta wannan takarda da har yau ba su mayar da jarinsu ba. Dutsen da aka jefa ranar Asabar, da ya sauka ɗan ƙasa kaɗan ko da ƙarfi kaɗan, Allah kaɗai ya san inda da muke a yau. Wanda ya yi jifa ba zai biya shi kaɗai ba. Mai shayi a bakin titi zai biya, mai ɗinkin takalmi zai biya, matar da take hanyar asibiti za ta biya. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, balle kofin unguwa.

Kada kuma a fahimce mu cewa muna yaƙi da ƙwallo. Annabi ya shirya tseren dawaki a Madina, ya yi tseren gudu da Nana A'isha, ta tsere masa a karon farko, shi kuma ya tsere mata a wani karon. Yana da taguwa mai suna Adba'u wadda ba a taɓa wuce ta ba. Wata rana wani balaraben ƙauye ya zo da ɗan raƙuminsa ya wuce ta. Abin ya yi wa sahabbai zafi, amma Annabi ya sanar da su cewa sunnar Allah ce, duk abin da ya ɗaukaka a duniya sai ya sauko. Ba a ce a sake tsere ba, ba a taɓa balaraben ba. Yaron da ya iya karɓar shan kaye ya miƙa wa abokin karawa hannu, ya kama hanyar zama ɗan kasuwar da asara ba za ta haukata shi ba. Annabi kuma ya koyar da cewa ƙarfi na gaskiya yana wajen mai mallakar kansa lokacin fushi, ya fi na mai kayar da mutane a kokawa. Wasa ya halatta matuƙar ba a tozarta salla ba, an rufe al'aura, kuma babu caca. Mun ji cewa wasu daga cikin masu jifan sun sa kuɗi a kan wasan ne. In haka ne, to an gano inda wutar ta taso, kuma su ji tsoron Allah.

Ga abin da kwamiti ya tsayar. Na ɗaya, mun karɓi hukuncin masu shirya gasa kamar yadda yake. Na biyu, gobe Asabar bayan La'asar Malam Liman da dattawa za su je gidan alƙalin wasa, da gidan iyayen yarinyar, da wajen shugaban makarantar, tare da yaran da suka yi laifi da iyayensu maza. Yaran da bakinsu za su ba da haƙuri. Na uku, kuɗin gyara da na magani ba za a taɓa asusun masallaci ba, domin kuɗin marayu da na gyaran rufi ba na biyan ɓarnar masu jifa ba ne. Iyayen masu laifi da manyan da suka yi jifa su za su biya. Mun san su, sun san kansu, muna jiran su zo da ƙafarsu kafin Juma'a mai zuwa. Na huɗu, yaran za su riƙa zuwa share harabar makarantar nan kowace Asabar har ƙarshen hutu, in shugabanta ya amince. Na biyar, daga yau babu ƙungiyar da za ta fita da sunan unguwar nan sai an ga takardar haihuwar kowane yaro ta asali, kuma dattijo ɗaya ya raka su. Wanda ya shirya ƙaryar shekaru an sauke shi daga kula da yara. Na shida, akwai yara uku, ciki har da mai tsaron gida, da suka tsaya a gaban alƙalin wasa suka kare shi da jikinsu har aka fitar da shi. Za mu karrama su a gaban jama'a ranar saukar karatu. Allah ya yi musu albarka, ya saka wa iyayensu.

Sai gargaɗi ga iyaye. Mun samu labarin wani yaro da aka yi wa dukan da har yau bai iya zama sosai ba. Wannan ba tarbiyya ba ce, huce haushi ne. Yaron da aka koya wa cewa mai ƙarfi yana dukan wanda ya ɓata masa rai, ai abin da ya yi a fili ke nan. Nana A'isha ta shaida cewa Annabi bai taɓa dukan mace ko hadimi da hannunsa ba, Anas kuma ya yi masa hidima shekara goma bai taɓa jin kalmar gundura daga bakinsa ba. Ku zauna da 'ya'yanku, ku tambaye su me ya faru, ku bari su gama magana. Ku hana su abin da suke so na ɗan lokaci, ku sa su gyara abin da suka ɓata, kuma ku faɗa musu ranar da horon zai ƙare.

Domin horo a Musulunci yana da iyaka. Ka'abu ɗan Malik da abokansa biyu, da suka ƙi fita yaƙin Tabuka ba tare da uzuri ba, an ƙaurace musu kwana hamsin, ba mai yi musu magana. Da Allah ya saukar da karɓar tubarsu a Suratut Tauba, sahabbai suka riƙa rige-rigen kai musu albishir. Abin da ya cece su shi ne sun faɗi gaskiya, ba su ƙirƙiro uzuri ba. Haka muke so ga yaranmu. Idan sun amsa laifi, sun biya, sun cika wa'adi, to magana ta ƙare. Kada a laƙaba musu suna, kada a riƙa nuna su a layi, kada a hana su sahu ko aji. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Atisaye zai ci gaba a cikin unguwa, kuma in wa'adi ya cika, da yardar Allah mu da kanmu za mu raka su fili.

Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani. Kafin mu tambayi yaran nan inda suka koyi zagi da jifa, mu tambayi kanmu abin da suke ji daga bakinmu a gidan kallon ƙwallo, da a kasuwa idan ciniki ya ɓaci, da a gida idan abinci ya makara. Ka so naka duniya ta ƙi shi, ka ƙi naka duniya ta so shi.

Ya Allah ka shirya mana zuriyarmu, ka sanya su sanyin idanunmu. Ka ba yarinyar nan lafiya, ka sanyaya zuciyar iyayenta da ta duk wanda muka ɓata wa. Ka zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, ka kare kasuwanninmu daga fitina da gobara, ka ba mu ikon faɗin gaskiya ko da a kan 'ya'yan cikinmu ne. Ka jiƙan iyayenmu da malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.